Abin da Yayana Yake Nema a Taswira

Duk wanda ya yi magana a kan Yayana da taswirorinsa bai faɗi daidai ba, har da ni. Umma ta ce kurciya aka yi masa, shi ya sa ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya, shi ya sa kuma ya ƙi dawowa gida. 'Yan kasuwarmu na unguwar Al Ras a Dubai suka ce rowa ce, mutum yana ɗaukar albashi a kamfanin gine-gine amma ya ƙi sayen mota, kullum yana tafe a ƙasa cikin wannan zafin. Ni kuwa na ce iyayi ne, boko ya hau masa kai. A gabansa na faɗa, ba sau ɗaya ba.

Na zo Dubai a dubu biyu da sha bakwai, shekara guda bayan zuwansa. Shi ya samo mini aiki a wani ofishin kago a Al Ras, inda nake auna kaya in rubuta sunan mai su a jikin kwali. Ina kwana a Hor Al Anz, mu huɗu a rabin falon da aka raba da katako. Shi yana Al Nahda, a ƙaramin fulat tare da wani ɗan Indiya mai gyaran lif. Ba wanda ya taɓa ɗaga ido a kan wannan, don a garin nan kowa da wani yake haya.

Ranar da zan taso, Umma ta riƙe hannuna a tsakar gida ta ce duk abin da na ga ya tsare yaron nan daga aure da ginin filinsa, in gaya mata, kada in ɓoye. Na ce to. Lokacin gani nake abu ne mai sauƙi: ko wata 'yar Habasha ce ta riƙe shi, ko dai taurin kai ne, in faɗa a wuce wurin.

Juma'ar farko Yaya ya zo ya ɗauke ni mu je cin abinci. Daga gidanmu zuwa tashar metiro, jirgin ƙasan cikin gari, in ka bi babban titi, tafiyar minti goma ce. Yaya ya bi da ni ta bayan garejin masu gyaran mota, muka ratsa wani lungu mai warin kifi, muka zagaya masallaci, muka fito ta ƙarƙashin gada. Takalmina ya ci mini ƙafa. Na tambaye shi ko hanyar ce bai sani ba, in tambayi mai shago. Ya yi dariya ya ce nan ta fi inuwa. Watan Disamba ne, ba mai neman inuwa a Disamba. Na ce masa in haka ake zama injiniya, gara da na tsaya a sakandare.

A kan babban titin nan akwai gidan abincin mutanenmu, inda 'yan kasuwa suke jera kujerun roba a waje. Ba ka wucewa sai an gaisa, kuma gaisuwarmu ba ta ƙarewa sai an zo kan iyali. Ya iyali? Au, har yanzu? Me kake jira, malam? Na san wurin, na san gaisuwar, amma ban haɗa su da lungun kifi ba. Fiye da shekara biyu ban haɗa ba.

Abin taswira kuwa ya wuce misali. Bangon falonsa duk su ne, na Dubai, na Kano, na garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. In yana cin abinci wayarsa na hannun hagu, yana musu da mutanen wani guruf na intanet da ba a maganar komai sai tsarin birane. Wata rana na cika shi da ƙorafin bas, yadda take zagaye duniya kafin ta kai ni aiki. Ya karɓi wayata ya saka ni a guruf ɗin, ya ce, "Ga su nan, Auta, ki kai musu ƙara. Su ma ba su da aikin yi kamar ki."

Na leƙa sau biyu na rufe. Mutane ne daga ko'ina a duniya, kowa da sunan ƙarya, sai su yi kwana uku suna faɗa a kan faɗin hanyar masu tafiya a ƙasa, ko inda ya kamata a dasa bishiya. Turancina na sakandare ne, yana ɗauka amma yana gajiya. Ban taɓa rubuta ko kalma ba. Na san dai sunan ƙaryar Yaya, don a gabana ya nuna mini. Shi ya manta cewa ya saka ni, ni ma na kusa mantawa.

Sai korona ta zo aka rufe gari. Ofis ya rufe, muka zauna mu huɗu a bayan katako muna faɗa a kan na'urar sanyi da tukunyar shayi. Na kalli duk abin da ake kallo a waya har ya ƙare. Wata rana cikin azumi, bayan azahar, don tsabar rashin abin yi, na buɗe guruf ɗin Yaya. Na tarar wani ya yi tambaya, an taru a ƙarƙashinta ana ta raha. Cewa ya yi, shi fa ya lura maza masu son maza sun yi yawa a wurin nan, fiye da ko'ina da yake shiga, kuma shi ma yana cikinsu, to me ya tara su a kan zancen titi da jirgin ƙasa?

Na ce a'uzubillahi, na kuma ci gaba da karantawa. Ba zan yi ƙarya ba, gulma ce ta riƙe ni.

Da yawa wasa suka mayar da abin. Wani ya ce shi fa matarsa ɗaya da 'ya'ya uku, kuma ya fi su duka son jirgin ƙasa, kada a cire shi daga lissafi. Aka yi masa dariya aka ce ya zauna, an karɓe shi. Amma wasu sun amsa da gaske. Wani ya ce a ƙauye ya tashi, tun yana yaro yake buɗe taswira yana auna nisan garinsu da birni mafi kusa da ɗan yatsa, don ya ji an ce a birni ba wanda ya san ɗan waye kai. Wani ya ce unguwannin da ake ginawa yanzu duk don mai mata da yara da mota ne, babban gida, katanga, get, in ba ka da waɗannan sai ka ga ba a yi lissafi da kai ba, sai ka fara tambayar wa ya zana wurin haka. Wani kuma gajeruwa ya rubuta, ya ce shi a cikin jirgi kawai yake hutawa, don ba mai kallon kowa.

Can ƙasa na ga sunan ƙaryar Yaya.

Ya rubuta cewa a tsohon birni ya tashi, inda kowace ƙofa akwai dakali, kowane dakali akwai majalisa. Ya ce yana ɗan shekara goma sha uku aka fara kwaikwayon tafiyarsa in ya wuce, ana yi masa muryar mata, alhali shi bai ma san me yake damunsa ba tukuna. Sai ya haddace unguwa. Ya san lungun da ba dakali, ya san lokacin da kowace majalisa take tashi salla, ya san gidan da ake iya ratsawa ta zaure a fita ta baya. Ya ce kafin ya iya zana layi da rula, ya riga ya zana garinsu a kansa, kuma har yau in ya sauka a sabon wuri abin da yake fara dubawa ke nan. Ya ƙare da cewa yanzu yana da wanda suke tafiyar tare, a nan guruf ɗin suka haɗu.

Na ajiye wayar. Na tashi na wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Na yi la'asar ban san raka'a nawa na yi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na san lungunan nan. Shi yake kai ni Islamiyya ina riƙe da gefen rigarsa, mu bi ta bayan marina, mu ratsa gidan wata tsohuwa mai sayar da ƙuli. Ni wasa na ɗauka. Na kuma tuna yadda Baba, Allah ya jiƙansa, yake dukansa in an aike shi ya daɗe, yana cewa yawon banza ya tsaya. Yaya bai taɓa buɗe baki ya ce ga dalili ba.

Ni ba malama ba ce, amma tun ranar na ga amsar tambayar mutumin nan da kaina. Wanda aka gina gari dominsa ba ya kallon gari, wucewa kawai yake yi. 'Yan kasuwarmu shekara ashirin suna zuwa Deira, yankin da Al Ras take, tambayi ɗaya daga cikinsu ina titin bayan otal ɗinsa ya fita, bai sani ba, ba abin da ya kai shi. Mai tsoro shi yake ƙirga ƙofofi. In ya daɗe yana ƙirgawa sai ya ƙware, in ya ƙware sai ya fara ganin inda aka yi kuskure, daga nan sai ka same shi a intanet yana faɗa da baƙi a kan gadar masu tafiya a ƙasa. Ni ma ai na san wani abu daga ciki. Na san taragon mata a metiro, na san titin da ba na bi in masu lodi sun tashi aiki. Ban dai taɓa tunanin namiji ma yana da irin wannan lissafin ba.

Kada a ce na ce abin ya yi mini daɗi. Na san abin da addini ya ce, da shi aka raine ni, kuma ban canza ba. Na yi kuka, na yi fushi, na ji ƙyama, sannan na ji kunyar ƙyamar, duk a yini ɗaya. Ga tsoro a kan wannan duka. A ƙasar nan maganar ta 'yan sanda ce, aiki ya tafi, biza ta tafi. Zance kuma in ya shiga Al Ras, kafin jirgi ya sauka Kano ya riga shi isa. In aka kore shi daga nan, gidan da zai koma ma ba zai zaunu ba.

Da aka buɗe gari na daina zuwa wurinsa ranar Juma'a. Na ce korona. Ya ce to, Allah ya tsare. Umma in ta kira ta tambaya, sai in ce aiki ne ya yi masa yawa. Wata bakwai ina ɗauke da abin ni kaɗai, kuma ni ba mai iya ɗaukar abu ba ce. Na rame, na zama masifaffiya, har wata abokiyar ɗakina ta ce ko dai ciki gare ni.

Ƙarshen shekara, da jirage suka dawo, Kawu ya zo. Ƙanen Umma ne, yana sarin kayan kicin. Ya shigo ofis ranar Alhamis da ƙullin kuka da daddawa daga Umma, kamar yadda ya saba, ya zauna a kan kwali ana ta gaisawa. A gaban mutane ya ce shi fa bai taɓa ganin inda ɗansa, wato Yaya, yake kwana ba, kullum sai dai a haɗu a gidan abinci, gobe bayan masallaci in zo in raka shi.

A wurinmu babba ba ya neman izinin zuwa gidan ɗansa, ƙarama kuma ba ta cewa bari in tambaya tukuna. Wannan gaskiya ne, kuma da ita na kare kaina kwana da kwanaki. Amma ina da yini guda cur da zan iya kiran Yaya. Ban kira ba. Sai da muka shiga tasi na tura masa saƙo cewa muna hanya. Na gaji ne. Wani ɓangare na zuciyata yana so wani babba ya gani da idonsa, a sauke mini.

Yaya bai ga saƙon ba. Bai dawo daga masallaci ba, don ko a Al Nahda ba ya bin hanyar da kowa yake bi. Ɗan Indiyan ne ya buɗe ƙofa. Ni ya san ni, Auta ma yake ce mini. Ya dubi dattijo da hula da babbar riga, nan take ya gane ko waye, da alama ya sha jin labarinsa. Sai kawai ya durƙusa har ƙasa, ya sunkuyar da kai.

"Sannu da zuwa, Kawu. Ya hanya? Ya mutanen gida?"

Da Hausa, tsaf, har da jan muryar.

Kawu ya yi dariya sosai, ya ce ikon Allah, wa ya koya wa wannan? Ya shiga ya zauna. Mutumin ya kawo ruwa a kofi da hannu biyu, ya sake rusunawa, ya koma gefe bai zauna a kujera ba. Dariyar Kawu ta ragu. Aka ɗan jima ya fito da kwano a rufe, ya ce abincin rana ne, Kawu ya yi haƙuri ba yawa. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka. Na ɗanɗana, na ji har man shanun da Umma take zubawa a ƙarshe. Bawan Allah, shi duk a ganinsa girmamawa yake yi. Duk abin da aka gaya masa ana yi wa manya a gidanmu ya haɗa ya yi a lokaci ɗaya, bai san cewa suruki ko amarya ne suke yin su duka haka a gaban dangi ba.

Kawu ya ci loma uku ya wanke hannu.

Yaya ya shigo da darduma a kafaɗa. Takalman bakin ƙofa ya fara gani. Na ga fuskarsa lokacin, kuma ba na son in sake ganin irinta. Ya durƙusa ya gaida Kawu, suka yi gaisuwa doguwa, ba wanda ya kalli wani. Ni ko sau ɗaya bai dube ni ba.

Kawu ya tashi yana duba bango, hannu a baya. Ya tsaya a kan wani zane ya tambaya ko wannan ne gidan da za a gina a filin. Yaya ya ce a'a, unguwarmu ce, yadda za ta zama in an gyara magudanan ruwa aka buɗe lungunan da suka toshe. Ya fara bayani, yana nuna inda za a sa bishiyoyi da inda yara za su bi zuwa makaranta ba tare da sun tsallaka titi ba. Kawu ya bar shi ya gama.

"Na ga titi, na ga bishiya," ya ce. "Ina ɗakin matarka?"

Yaya ya ce ba a zo nan ba tukuna. Kawu ya ce haka ne, ya sa takalmi.

Muka shiga tasi, muka wuce filin ƙwallo. Sannan Kawu ya ce, yana kallon taga, shi shekara ashirin yana zuwa garin nan, ya yi haya da Indiyawa, ya ci abinci da su a kwano ɗaya, mutanen kirki ne.

"Amma ba a koya wa abokin haya durƙuso," ya ce. "Ke kin san wani abu?"

Na ce ni kwali na sani da sikeli. Ya juyo ya dube ni, kallon da ya sa na ji kamar ina aji uku. Ya ce shi ba zai faɗi abin da idonsa bai gani ba, don akwai hisabi, kuma ba zai yi zancen da kowa a kasuwa ba, don ɗan 'yar'uwarsa ne. Amma zai ce wa Umma ta tambaye ni, tunda ni ce a kusa. Shi ke nan, bai ƙara ba. Ya sauka a Al Ras ya ce in gaida mutanen ɗaki.

Yaya bai kira ni ba, ni ma ban kira shi ba. Na shiga guruf ɗin na ga ya goge duk abin da ya taɓa rubutawa, har faɗan bishiyoyin. Shekara huɗu na surutu, ba ko layi ɗaya.

Kwana shida bayan nan Umma ta kira ina tsakiyar auna kaya. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce Kawu ya iso lafiya, ya ce yaron yana nan ƙalau, gidansa tsaf, amma ya ce ta tambaye ni.

"Tsakaninki da Allah, Auta, me ya riƙe mini ɗa?"

Na ce mata ga mutane a kaina, zan kira ta ranar Asabar. Ta ce tana jira. Na rubuta sunan wani Alhaji a kwalin wani, sai da mai ofis ya yi mini tsawa.

Na juya abin ta kowane gefe. In rantse mata da Allah a kan ƙarya, ba zan iya ba. In faɗa mata, na san Umma, ba za ta iya riƙewa ba, za ta kai wa malami don a yi addu'a, malami yana da mata, matan suna da 'yan'uwa a Al Ras. In kuma na ce ba komai, za ta nemo 'yar mutane a ɗaura, a kawo wata baiwar Allah a ajiye a gidan da ba a zana mata ɗaki ba. Kuma duk wannan lissafin ina yin sa ne a kan rayuwar mutumin da ban taɓa zama na tambaye shi ko kalma ɗaya ba. Na karanta sirrinsa a ɓoye, na kai masa Kawu har ƙofa, yanzu kuma ina shirin yanke masa hukunci a waya.

Sai na yanke shawara. Ranar Juma'a zan je Al Nahda ni kaɗai, in kira shi tun da safe ya san ina zuwa. Zan gaya masa na karanta abin da ya rubuta tun watan azumi, kuma da gangan na ƙi kiransa ranar da Kawu ya ce a raka shi. In ya zage ni, na ci zagin. Zan gaya masa ban yarda da abin ba kuma ban san ranar da zan daina jin nauyinsa ba, amma daga bakina ba mai ji. Ranar Asabar kuma a falonsa zan kira Umma, yana zaune. In yana da abin da zai ce mata, ga waya. In ba shi da shi, zan ce mata ɗanta ne, ta tambaye shi da kanta, ni na fita daga tsakani, kuma duk fushin da za ta yi a kaina zan ɗauka.